Gidanmu Ya Yi Kwantai, Maigida Ya Ƙi Sauko da Farashi

Assalamu alaikum Anti. Wata 11 ke nan da muka sa gidanmu a kasuwa, har yau shiru. Aiki ne ya ɗauke maigidana zuwa wani gari mai nisa, muka tattara muka bi shi, yanzu a gidan haya muke. Gidan da muka baro ɗaki uku ne da falo, shekara shida ya yi yana gina shi kaɗan-kaɗan daga albashinsa, kuma babu abin da bai zuba masa ba, daga tayil mai tsada har ƙofofi na musamman. A wata biyun farko mutum tara suka zo suka duba. Ɗaya ya taya da ragin kashi 15 cikin 100, maigida ya ce albarka, wai raini ne. Tun daga nan sai jefi-jefi, yanzu wata uku ke nan ba wanda ya leƙo. Dillalai uku muka ba wa, kuma na ji kowa da kuɗin da yake faɗa wa mutane. Gidan maƙwabcinmu da bai kai namu kyau ba, wata uku kawai ya yi aka saye. Abin da ya fi damuna, yayana ne ya ranta mana kuɗin tashi da na hayar shekara, a kan za mu biya shi da zarar an sayar da gidan. Shi bai ce komai ba, amma matarsa ta fara habaici. In na ce wa maigida ya rage kuɗin sai ya hau faɗa, ya ce ba zai yi gwanjon guminsa ba, wai ban san wahalar da ya sha ba. Anti, yaya zan yi?

Daga wata 'yar'uwa (an sakaya suna)

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne ke ce a tsakiya. Ga miji da yake jin ana raina guminsa, ga yaya da ya yi miki halacci, ga gida can a kulle yana cin kuɗi. Duk wadda ta tsinci kanta a nan dole barci ya yi mata wuya. Amma ki kwantar da hankalinki, rabin amsar tana cikin abin da kika rubuto da hannunki.

Mutum tara a wata biyu ba ƙaramin abu ba ne. Gidan da unguwarsa ba ta yi wa mutane ba ba ya samun masu dubawa haka. Sun zo, sun shiga ɗaki-ɗaki, takwas sun fita ba su ce uffan ba, ɗaya ya taya. Waɗanda suka daɗe a harkar gidaje suna karanta irin wannan kamar yadda likita ke karanta alamun ciwo. In ba a zuwa kwata-kwata, to ko dai tallar ba ta isa ba, ko kuɗin ya kori mutane tun daga nesa. In ana zuwa ba a tayawa, abin da ido ya gani bai kai kuɗin da kunne ya ji ba. In kuwa ana tayawa amma ciniki yana rushewa dab da biya, a duba takardu. Naku ya fara da na biyun, yanzu ya gangaro na farkon. Ga kuma gidan maƙwabci, wanda ya nuna cewa akwai masu saye a unguwar kuma da kuɗi a hannunsu. Kada ki yi mamaki in wanda ya saye shi yana cikin taran nan da suka zagaya falonki.

Bari in faɗa miki abin da ba shi da daɗin ji. Mai saye ba ya biyan tarihin gida. Bai san watan da aka ƙuntata wa kai don a sayi ƙarfen rufi ba, bai ga ranar da Malam ya tsaya a kan magina tun safe har duhu ba. Shi dai yana riƙe da kuɗinsa, yana da gida huɗu ko biyar da zai duba, kuma abin da yake aunawa shi ne wanne ya fi masa sauƙi. Tayil ɗin da kuke alfahari da shi, wataƙila launinsa bai yi wa matarsa ba, yana tafe a kai yana lissafin kuɗin ɓanɓarewa. Sannan unguwa tana yanka wa gida iyaka. In aka ƙawata gida fiye da na kewaye da shi, da wuya kuɗin ƙawar ya dawo duka, domin mai irin wannan kuɗin wata unguwar zai nufa. Abin da aka kashe daban, abin da gida zai yi a kasuwa yau daban.

Duk da haka ba zan ce maigidanki mai taurin kai ba ne, kuma ke ma kada ki ce masa haka. Abin da yake ji kusan kowa yana ji. Wasu masana tattalin arziki biyu, David Genesove da Christopher Mayer, sun bi diddigin cinikin gidaje a birnin Boston na Amurka bayan faɗuwar farashi a farkon shekarun 1990, suka fitar da sakamakon a 2001. Sun gano cewa waɗanda za su sayar ƙasa da yadda suka saya sukan ɗora wa gidan kuɗi fiye da ƙimarsa, kamar kashi 25 zuwa 35 cikin 100 na giɓin da ke tsakanin kuɗin da suka biya da wanda kasuwa za ta bayar. Ɗan abin da suke samu a kai bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da abin da suka ɗora, kuma gidajensu sun fi daɗewa ba a saya ba. Waɗannan fa saye suka yi da kuɗi kawai. Ina ga wanda ya yi shekara shida yana ɗora bulo a kan bulo? Idan kika ce masa “rage kuɗin”, abin da kunnensa ke ji shi ne “wahalarka ba ta kai haka ba”. Shi ya sa yake hawa faɗa. Ga kuma kunyar tayin farko da ya ƙi, domin in ya sauko yanzu kamar ya amsa cewa ya yi kuskure ne, a gabanki da gaban yayanki.

Abin da Malam bai zauna ya lissafa ba shi ne jira ma kuɗi ne. A ganinsa muddin bai sallama ba, bai yi asara ba. To ku ɗauki biro da takarda. Ku rubuta abin da kuke kashewa a kan gidan kowane wata, na gadi ne, na gyara ne, na haraji ne in ana biya, da kuɗin motar zuwa duba shi. Ku ƙara hayar da kuke biya a inda kuke, wadda da an sayar da gidan da ta zo da sauƙi ko ta ƙare. Ku ninka sau 11. Sannan ku tuna kuɗi ba ya tsayawa a darajarsa. A misali, in kaya suna tashi da kashi 10 cikin 100 a shekara, 100 ɗin da za a ba ku baɗi daidai yake da kusan 91 na yau. Wato in kun sa gidan a 100 aka taya 85, ku ka ƙi kuka jira shekara guda, ko da wani ya zo ya ba da 100 ɗin cif, in aka cire faɗuwar darajar kuɗi da ɗawainiyar wata 12, abin da ya rage bai yi wa 85 ɗin nan nisa ba. Ballantana ma ba wanda ya zo. Garin neman ƙiba ake samo rama.

Akwai kuma illar da ba ta shiga lissafin biro. Gida yana da farin jini ne a makonninsa na farko a kasuwa, lokacin da duk masu nema suke rububin ganin sabon abu. In ya wuce wata shida, tambaya takan sauya daga “nawa ne?” zuwa “me ya sa har yanzu ba a saye shi ba?” Sai mutane su fara ƙirƙira masa aibi, wannan ya ce rigimar takardu ce, wancan ya ce ruwa ne ke cin sa. Wanda ya zo tayawa kuma da ƙarfin gwiwa zai zo, don ya san kun gaji. Wannan shi ne sharrin kwantai, a kowane irin kaya.

Maganar dillalai uku kuwa, nan ne na girgiza kai. Kuna ganin kamar yawansu zai kawo yawan masu saye, alhali masu neman gida a unguwa ɗaya sukan zagaya wurin dillalai da yawa. Mutum ya ji kuɗi uku a kan gida ɗaya, me kike so ya ɗauka? Ko dai ya ce akwai lauje cikin naɗi ya janye, ko ya kama mafi ƙarancin ya fara neman ragi daga nan. Kuma dillalin da ya san wani zai iya riga shi cin la'ada ba zai ɓata man motarsa da lokacinsa a kan gidan ba. Su ma ba na ɗora musu laifi duka, kayan da ba ya tafiya kowa ajiye shi yake ya kama mai tafiya. Shawarata ku zaɓi guda ɗaya, wanda ya taɓa sayar da gida a unguwar kwanan nan, in ma wanda ya sayar da na maƙwabci ne ya fi. Ku yi yarjejeniya a rubuce ta wata biyu ko uku, kuɗi ɗaya, la'ada a fayyace, ba ƙari a ɓoye, kuma duk wanda ya kawo ya duba ya gaya muku abin da mutumin ya ce. Sauran biyun a sallame su cikin mutunci, a ce su sauke tallarsu.

In Malam ya ce dillali ba abin yarda ba ne, so yake a karyar da kaya ya karɓi la'adarsa, kada ki musa masa, yana da gaskiya. Steven Levitt da Chad Syverson sun duba cinikin gidaje kusan 100,000 a kewayen birnin Chicago, suka wallafa a 2008 cewa idan dillali gidansa na kansa yake sayarwa, yakan ƙara haƙurin kusan kwana 10 a kasuwa, ya kuma sayar da ƙarin kusan kashi 3.7 cikin 100 a kan na waɗanda yake yi wa dillanci. Dalili a fili yake, ɗan ƙarin da mai gida zai samu, abin da zai faɗo wa dillali a ciki ƙalilan ne, gara masa ciniki ya faɗa da wuri. Amma ki lura da adadin. Haƙurin kwana 10 ne, ba na wata 11 ba, kuma ƙarin bai kai kashi 4 ba.

To wa zai faɗi kuɗin gaskiya? Ba ke ba, ba dillali ba. Ku nemi ƙwararren mai kimanta kadara, wanda za a biya shi ladan aikinsa ko an sayar ko ba a sayar ba, ya ba ku ƙima a rubuce. Ku haɗa da binciken kanku, gidaje uku zuwa biyar masu kama da naku a girma da unguwa, waɗanda aka sayar a cikin wata shidan da suka wuce. Ki kula, kuɗin da aka biya nake nufi, ba wanda aka sa wa gida ba, domin gidan da har yau yake kasuwa da kuɗi mai yawa ɗan'uwan naku ne a kwantai, ba ma'auni ba ne. Amfanin wannan ya wuce sanin lamba. Yana ba maigidanki hanyar saukowa ba tare da ya ji matarsa ce ta kayar da shi ba. Takarda ce ta faɗa, shi kuma ya yanke hukunci.

Kafin a sake sa kuɗi, ɗayanku ya je ya kwana biyu a gidan, ya shiga da idon baƙo. Gidan da ya yi wata 11 a rufe ba shi ne wanda kuka bari ba. Da an buɗe ƙofa warin rufi ne zai fara tarbar mutum. A banɗaki, ɗan ruwan da ke tsayawa a lanƙwasar bututu shi ke tare wari, in ya bushe sai ɗoyi ya dawo cikin gida, mai dubawa ya ɗauka magudanar ce ta lalace, alhali bokiti ɗaya na ruwa ya isa. Ga ciyawa a tsakar gida, ga yanar gizo-gizo, ga ƙwan fitila da ya mutu, ga ƙofar waje da ke kuka in an tura ta. In akwai tabon ruwa a silin, ko da tafin hannu ne, mai saye ba tabo yake gani ba, sabon rufi yake lissafawa. A gyara yoyon tukuna sannan a shafa fenti, kada a rufe aibi da fenti, domin in ya bayyana daga baya rigima ce, kuma ba halin kirki ba ne. Iyakar gyaran ke nan, shara, fenti mai haske, famfo da wuta su yi aiki. Kada ku sake zuba babban kuɗi, ba zai dawo ba. Bayan nan a ɗauki sababbin hotuna da rana, tagogi a buɗe, a cire tsofaffin daga intanet. A kuma tattara takardun mallaka da rasiɗan biyan duk wani haƙƙi a fayil ɗaya, lauya ya duba su tun yanzu. A samu amintaccen mutum kusa da gidan mai riƙe da makulli, domin mai saye da aka ce masa “sai mako mai zuwa” ya tafi ke nan.

In aka zo rage kuɗi, a rage sau ɗaya, ragi mai ma'ana da zai kai gidan inda takardar ƙima ta nuna. Ragin ɗigo-ɗigo kowane wata yana koya wa masu saye su ci gaba da jira ne kawai. Kuma ku sa dillali ya nemo mutumin nan da ya taya tun farko. Mai yiwuwa ya sayi wani, mai yiwuwa kuma yana nan. Kira ɗaya ne, ba abin kunya a ciki. Nan gaba duk wanda ya taya, ko da ƙasa ne sosai, kada a ce masa albarka a juya baya. A mayar masa da lamba. Tayi ƙofar ciniki ce, wanda ya taya da 85 sau da yawa yana da 90 a aljihu.

Idan kuma bayan an ga ƙimar Malam ya ce shi sam ba zai iya sayarwa a haka ba, wannan ma matsaya ce, amma sai a bi ta da gaskiya. A janye gidan daga kasuwa a sa 'yan haya na shekara guda, kuɗin hayar ya tafi wurin yayanki. Gida da mutum a ciki ya fi lafiya a kan rufaffe. Sai dai ku sani sayar da gida da ɗan haya a ciki ya fi wuya, don haka wa'adin ya zama a rubuce. Akwai kuma sayarwa biya kaɗan-kaɗan, wadda takan jawo wanda ke son gidan amma kuɗinsa bai cika ba, har ya yarda da farashi mai ɗan tsoka. Wannan ba na son ta sai da lauya, da kafin alƙalami mai kauri, kuma takardun mallaka ba sa barin hannunku sai an cika biya. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a bar gidan yadda yake, a rufe, da tsohon kuɗi, ana cewa Allah zai kawo mai rabo. Zai kawo, amma a ɗaure raƙumi tukuna.

Yanzu yayanki. Shirunsa kara ce yake yi miki, kada ki ɗauke ta a matsayin ba ya buƙata. Matarsa kuma, kafin ki ƙullace ta, ki tuna kuɗin nan daga bakin 'ya'yanta aka cire, kuma wataƙila ita ke ganin inda rashinsa yake yi musu ciwo. Kuskuren da aka yi tun farko shi ne ɗaura biyan bashi a kan ranar da ba wanda ya san ta. A kwance wannan ƙullin. Ku yanka wani abu daga albashi kowane wata, komai ƙanƙantarsa, ku fara tura masa, da alkawarin cike sauran in an sayar ko in an sa haya. Ya fi kyau Malam da kansa ya kira shi ya yi masa bayani, wannan zai ƙara masa girma a idon surukinsa, ke kuma ya fitar da ke daga tsakiya. Habaicin zai mutu da kansa ranar da kuɗin farko ya shiga.

Saura yadda za ki tunkari maigida. Kada ki tayar da zancen yana shigowa daga aiki, ko bayan kin gama waya da gidan yayanki ranki a ɓace. Kada ki ambaci gidan maƙwabci da sigar gori, kada kuma ki taɓa cewa “da ka karɓi tayin nan”. Ya sani, shi ke hana shi barci shi ma. Ki fara da abin da yake ganin kin manta, ki ce masa kin san abin da gidan nan ya ci masa, kina nan aka yi komai, kuma ba ki son a wulaƙanta shi. Sannan ki ce abin da ke damunki shi ne gidan yana can yana lalacewa, ga bashin Yaya a wuyanku. Kada ki roƙe shi ya rage kuɗi. Abu biyu kawai za ki roƙa, ku zauna ku yi lissafin wata 11 ɗin nan tare, kuma ya yarda a kira mai kimantawa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, ki nuna masa haka a muryarki. In ya yi shiru bai amsa ba, ki bar shi, ki ajiye takardar lissafin inda zai gani. In kuma akwai wani babba da yake jin maganarsa, aboki ko ɗan'uwa wanda ya taɓa sayar da gida, ba laifi ya sa baki, amma da saninsa, ba ta bayan fage ba.

Ki fara da zancen biyan Yaya a wannan makon, shi ya fi sauƙin karɓuwa a wurin Malam, kuma daga shi lissafin zai buɗe da kansa. In takardar mai kimantawa ta fito, ki sake rubuto mini abin da ta ce da abin da shi ya ce. Allah Ya kawo mai saye na alheri, Ya bar ku tare.